Man Shanun Mma Batulu

A wannan shekara ta yunwa, a zauren ofishin ilimi na Tamale, ana raba takardun yabo ga malamai masu ba ɗalibai shawara da waɗanda suka tallafa musu. Malam Zubeiru ya karɓi tasa ya zauna, amma idonsa na kan wata tsohuwa da bai sani ba.

Ita kaɗai ce ta tuɓe silifas a ƙofa. Doguwa ce, ƙashin wuya a waje, shatin gammo bai bar ɗankwalinta ba. Da gani mai tallan nono ce, wataƙila daga Gbalahi, can bayan gari, ta tako. Zubeiru na ayyanawa a ransa cewa shanunta sun fi ta rama.

Mai sanarwa ya ce, "Mma Batulu! Tun bara take ajiye ƙwaryar nono a ɗakin malamin shawara na unguwarsu, saboda ɗaliban da ke zuwa ba su karya ba."

Ta durƙusa, ta karɓi takardar hannu bibbiyu. Sai ta kwance bakin zane, ta fito da curin man shanu a ganye, ta ɗora a tebur.

"Mma, ai ba a biya," in ji babban jami'in da ya miƙa mata takardar.

"Ba biya ba ne, ɗana. A wurinmu, wanda ya miƙo maka abu ba ka barin hannunsa wofi."

Zubeiru ya waiga. Malamai talatin, kowa da takardarsa a cinya, ba mai kallon tasa, duk idonsu na kan curin man shanun. Shi ma ya haɗiye yawu.