Goggo Tabita da Alewar da Ta Watsa a Hanyar Tsere

Goggo Tabita Olsvig ta rasu ranar Talata, sha huɗu ga watan Janairu, a ɗakinta da ke kallon tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Nuuk. Ɗanta Piitaq ne ya same ta zaune a kujera, allura a hannu, kofinta ya huce. Shekarunta saba'in da tara. Ƙanwar mahaifina ce, ita ce kuma ta ƙarshe a ɗakinsu.

Goggo, tun ranar na kasa zama. Na wanke kofunan da suke a wanke. Na fita ba tare da na san inda za ni ba, na dawo, na sake sa takalmi. Guguwar dusar ƙanƙara ta rufe gari, ba jirgin saman da ke sauka, ni kuma ina ta leƙa taga kamar leƙen zai kore ta. Da kina nan da kin ce, “'Yar Danmak, zauna, kina sa ni jiri.” Sunan da kika laƙa mini ke nan tun da na dawo daga karatu a Kofanhagin, kuma ban taɓa jin kin faɗe shi da nufin yabo ba.

Kin san abin da ya hana ni zama, domin shi ne ya hana ki barci a shekarunki na ƙarshe. Mutuwa ba ta taɓa ba ki tsoro ba, kin yi wa mutane da yawa sutura har kin saba da ita. Tsoronki ɗaya ne, kada sunanki ya rasa gida. A danginmu duk wanda ya tafi, jaririn da ya biyo baya ne ke ɗaukar sunansa, mu ci gaba da kiran jaririn da abin da muke kiran mamacin. Haka 'yata Nivi ta zo duniya da sunan mahaifiyarki. Tun tana cikin tsumma kike ce mata “Inna”, ita kuma da ta fara magana ta riƙa ce miki “'yata”, tana yi miki faɗa idan kin fita ba hula. Ni da na haife ta kika ce in riƙa ce mata kaka. Na yi digiri biyu, na dawo gida ina canza wa kakata kunzugu.

Yau a duk dangi mace ɗaya ce ke da ciki, Nivi ce, watanta bakwai, tana can Sisimiut inda take koyar da yara sulu a kan dusar ƙanƙara. Kuma rabon da ta sha kofi a gidanki tun shekarar da muka karɓi baƙuncin wasannin hunturu.

Masu ta'aziyya sun cika ɗakin Piitaq, kowa yana ba da labarin alherinki na wannan shekarar, kowa kuma yana tsayawa daidai inda ya kamata ya ci gaba. Gaskiya suke faɗa. Ba wanda ya gayyace ki cikin masu aikin sa kai, kin zo ne kawai da tukunya, aka rasa mai ƙarfin halin tambayarki takarda. Ke kika ɗinka wa duk 'yan ƙungiyarmu ta sulu safar hannu ta fatar barewa, kin auna hannun kowa da ido. Yaran Alaska da na Yukon da aka sauke a azuzuwan makaranta, safarsu ta ƙafa a gidanki take bushewa, har ɗakin ya koma warin da ba zan kwatanta a takardar ta'aziyya ba. Kika mai da ni tafintarki ba da shawarata ba. “'Yar Danmak, ke da kika iya Turanci, tambayi yaron can ko uwarsa ta san a haka ya fito.” Na tambaye shi, ya ce bai ji sanyi ba. Kika ce, “Ce masa ƙarya yake yi,” kika ɗura masa miyar barewa har ya yi gumi. Da aka nuna miki lambar zinaren da za a bayar, mai siffar wuƙarmu ta mata, kika gwada bakinta da babban yatsa kika ce, “Ko kifi ba za ta yanka ba. Amma tunda Inna na so, a ba ta.”

Tana so kuwa. Shekararta ta ƙarshe ce a rukunin matasa, a gida, a gaban nata. Ita ce mai zagayen ƙarshe na ƙungiyarmu a tseren sulu na ba-ni-in-ba-ka na mata, kuma akwai wata doguwar yarinya 'yar Alaska da Nivi ba ta taɓa ganin komai nata ba sai bayanta. Gari duka ya fito ya jeru a bakin igiyar da ta killace hanyar tsere. Baƙi sun kwashe mana zinare a wasu wasannin, mun yi ta tafa musu da fara'ar masu masauki, haƙoranmu a cije. Wannan ne muke jira.

A gangaren ƙarshe, ana hango layin gamawa, Nivi ta wuce 'yar Alaskar.

Ina kusa da ke, na ga hannunki ya shiga jaka, ban gane ba sai da na ji muryarki. “Pagga!” Alewa cike da hannu biyu ta tashi sama, ta sauka a tsakiyar hanyar tsere. Haka kika yi ranar da Piitaq ya harbo barewarsa ta farko, haka kika yi ranar da Nivi ta fara zuwa makaranta. Duk abin da yaro ya yi karo na farko a watsa alewa, jama'a su yi wawaso. Ba ke kika ƙirƙiro ba.

Abin da masu ta'aziyya ba sa faɗa shi ne, ke watsawa kawai kika yi. Mu ne muka tsallake igiya. Yara, tsofaffi, wani dattijon coci da gilashinsa, har da masu tsaron hanya biyu sanye da rigar aiki, waɗanda aka yi wata guda ana koya musu hana mutane shiga. Jikin ɗan ƙasar nan idan ya ji wannan kalmar ba ya neman izinin kansa. Ni ma na sami guda ɗaya a hannuna, mai ɗanɗanon madara. Nivi ta ci karo da bayan dattijon cocin ta kifa. 'Yar Alaska, wadda alewa ba ta ce mata komai ba, ta zagaye mu ta wuce. Wasu biyu suka bi ta. Nivi ta shigo ta huɗu, sandar sulunta ɗaya a karye.

Mai horar da su ya ce a ɗaukaka ƙara. Aka tambaye shi a kan wa. Masu masauki ba sa kai ƙarar kansu.

Kika iske ta a bayan tanti, kika ce, “Inna, ai kin wuce ta. Da idona na gani. Layin da suka zana a ƙasa shi zai gaya mini lokacin da abu ya zama na farko?” Ta dube ki ta ce, “Na ji, Goggo.” Goggo, kamar kowa. Na ga fuskarki a lokacin, kuma da za a ba ni zaɓi da ban gani ba.

Mu ba ma faɗa, daina zuwa shan kofi kawai muke yi. Idan kun haɗu a kanti takan ɗaga miki gira ta wuce. Ke kuma ba ki taɓa cewa ki yi haƙuri ba, domin har kika koma ga Allah ba ki yarda kin yi kuskure ba. Sai dai duk jirgin ruwan da zai tafi Sisimiut akwai ƙunshin busasshen kifi a cikinsa, ba takarda, ba suna. Ban san ko tana ci ba. Ban tambaya ba, an ce masu ilimi sun san lokacin yin shiru. Abin da Piitaq ya zare daga hannunki ranar Talata ɗan takalmin jariri ne, ƙafa ɗaya an gama, ɗayar saura baki. Ba wanda ya sa ki.

Na kira Nivi ranar Talata na gaya mata, ta ce to kawai. Laraba ba ta ɗauka ba. Alhamis ma haka. Na rubuta rabin wannan takardar a tsaye.

Yau da azahar ta kira, ina jin ƙarar inji a bayanta.

“Ina cikin jirgin ruwa,” ta ce. “Na yi amai sau ba adadi. Kada ku binne ta sai na iso.”

“Sai Litinin ne, kaka. Nivi, maganar suna fa? Piitaq ba zai tambaye ki ba, kunya yake ji.”

“Ke ba kya ji?”

“Ni 'yar Danmak ce.”

Ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ƙarshe ba. “Mace zan haifa, an duba. Shekara ashirin tana ce mini Inna, to yanzu za ta ga Inna. Ni zan yi mata wanka, ni zan sa mata hula, kuma sai ta yi wayo za mu zauna mu yi maganar alewar nan, ba inda za ta gudu. Ki ce wa Piitaq ya ajiye mini takalmin 'yata, zan ƙarasa ɗayan.”

Sai da ta kashe wayar na lura a zaune nake.

Allah ya jiƙanki, Goggo Tabita, ya yi miki rahama, ya karɓe ki da hannu biyu kamar yadda kika karɓi 'ya'yan mutane waɗanda ko sunansu ba ki iya faɗa ba. Ya yafe miki abin da kika sani da wanda kika ƙi yarda da shi. Piitaq, Allah ya ba ka haƙuri kai da iyalinka, ya sanyaya zuciyar dangin Olsvig na Nuuk da na Sisimiut, da duk wanda hannunsa ya taɓa yin ɗumi a cikin ɗinkinta.

Ki huta, amma kada ki yi nisa. A watan Maris ake jiranki, kuma na riga na sayi alewar.