Mai Ciko Biyu a Baki

A ɗakin jiran likitan haƙori, wani dattijo tsaf da shi, yana ƙamshin turare, yana zaune kusa da ni. Ba wanda ya tambaye shi, sai ya wangale baki, ya cusa yatsa.

"Duba nan, ɗan'uwa. Duka biyun ciko ne mai kalar haƙori, amma na dama garau yake. Na hagun nan kuwa ya dafe, marmashewa yake!"

Ya sakace shi da makullin mota, ya shinshina abin da ya fito. Ina jin matarsa ta daɗe da daina dubawa, shi ya sa yake farautar baƙi.

Yanzu ga hannun nan, sharkaf da yawu, ya miƙo mini mu gaisa. Na dafe kumatuna da hannu bibbiyu ina nishi. Ban taɓa gode wa ciwon haƙori ba sai yau.