Gide da Mashigar Kurmi

Mutanen Sheme sun san Malam Gide da tsohuwar akori-kurarsa, wadda duk tayoyinta huɗu ke ja. Tun yana saurayi yake shiga da ita ƙauyukan da ke bayan rafi, ta cikin kurmin da ko da rana tsaka duhu-duhu ne. Ya kai taki, ya fito da masara zuwa kasuwar Yankara. Sauran direbobi iyakarsu bakin kwalta.

Hanyar ba hanya ba ce, sawun tayarsa ne kawai tsakanin itatuwa. Wurin da ya fi ci masa rai shi ne mashigar rafin. Kowace bazara sai ya yi ta jidar duwatsu shi kaɗai yana jerawa a ƙasan mashigar, don kada taɓo ya riƙe shi da damina. Ba wanda ya taɓa kama masa.

Bara, bayan ruwa ya zauna, ya ɗauko takin mutanen wata unguwa, Mas'ud mai shago a unguwar na zaune kusa da shi. Ya shiga ruwan a hankali yadda ya saba, sai motar ta nutse har ciki. Ya sauka ya lalaba da ƙafa, babu dutse ko ɗaya. Mas'ud ya yi ta kallon gefe, daga baya ya ce ai shi ya kwashe su ya yi tushen ɗaki, ya zaci ruwa ne ya kawo su.

"Ruwa ne ya jera su reras?" in ji Gide.

Suka wuni suna sare rassa suna cusawa ƙarƙashin taya, sauro na cizo. Kafin a zo da shanun huɗa su ja motar, rabin takin ya jiƙe. Masu taki kuma Gide suka ɗora wa laifi.

Ya rantse ya bar hanyar. Da kaka ta yi, masara ta taru ba mai fitarwa, dattawan unguwar suka zo har gida. Matarsa Shafa'atu, wadda 'yar can ce, ta sa baki. Ya ce sai an gyara mashigar. Suka yi gayya rana ɗaya, suka zuba duwatsun da ba su kai rabin na da ba.

Ya koma dai. Har yanzu in ya iso bakin rafin sai ya kashe mota, ya naɗe wando, ya taka ruwan da kansa yana mita, fasinjoji na jira a baya.