Hannun Hamidu a Bangon Zaure

Gidanmu na unguwar Wuro Hausa ya girmi duk wanda na sani. Wani majemi Bakano ne ya gina shi da tubali, aka kawo masa azarar giginya ta kogi. Ba shi da magaji, sai ya ba modibbo, wato malamin da ya yi jinyarsa. Daga modibbo sai 'yarsa, kakata, wadda muke kira Maama. Ni kuwa ɗan bappana na aura, ban taɓa barin gidan ba.

Kowace shekara kafin damina akan yi wa zaure sabon yaɓe, kowa ya danna tafin hannunsa a ɗanyar ƙasa, na bana ya rufe na bara. Ranar yaɓe, bayan isha, Maama kan hura wuta a tsakar gida, mu kewaye ta, farcenmu duk laka. Tatsuniyarta ɗaya ce: wata mata mijinta ya tafi fatauci bai dawo ba, ta hana a shafe hannunsa na bango. Magina suka roƙe ta, ta ƙi. Ruwa ya yi ta cin bangon har ya faɗo mata. Mukan yi ta dariyar wautar matar. Maama takan gyara itace ta ce, "Ku yi ta yi, 'yan nema. Ba ku taɓa jiran kowa ba."

Da maigidana ya rasu, gida ya zama na ɗanmu Hamidu. Shekarar da masu bindiga suka shiga Mubi, yana can ya kai kaya. 'Yan gudun hijira suka cika zaurenmu, na tambaye su ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya gan shi. Ban ga gawa ba, ban san kabari ba. Hannunsa kawai ya rage mini, dab da ƙofa, har da ƙaramin yatsan da ya karye yana yaro.

Tun daga nan na hana yaɓe. Azara ɗaya ta sunkuya. 'Yan uwan maigidana sun ce ko a yaɓe, ko a sayar wa wani ɗan kasuwa na unguwar Dubeli ya rushe ya yi shagunan bulo. Ina kuka na ce su bari in mutu tukuna.

A da na ɗauka kunnenmu Maama take ja. Yanzu na gane ba ta taɓa kiran matar nan wawuya ba, mu ne muka kira ta. Daminar bara ta cinye yatsu biyu na hannun Hamidu. Jiya na ga hadari ta gabas, na sa aka mayar mini da tabarmata zaure.