Hanyar da Yaya Habibu ya bar mana

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Habibu. Duk shekara idan lokacin cirar gyaɗa ya zo nakan rubuta 'yan layuka na yabo da addu'a. Wannan karon yabon ya ƙi fitowa, don alherin da ya bar mana a hannuna ya lalace, kuma gara in faɗa da bakina.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti da mutanen gari suka gina a Jajaye. Ba mu da likita. Akwai dai wani a Karaye da ke duba mana sakamakon gwaji ya faɗi maganin da za a ba mutum. A da cikin ambulan muke sa takardun mu ba ɗan acaɓa, kafin ya isa ya riga ya san ciwon rabin garin. Yaya Habibu, wanda gyaran kwamfuta ne sana'arsa a Karaye, ya ce wannan ba tsari ba ne. Ya haɗa kwamfutarmu da ta likitan ta intanet, da abin da ake kira VPN. Da na ce ban gane ba, sai ya ce in ɗauka rami ya haƙa mana daga Jajaye zuwa Karaye, takarda ta bi ta ciki ba mai ganinta. Ko man babur ɗinsa bai yarda an biya ba.

Ranar da ya gama, yana naɗe wayoyinsa ya ce mini: "Ke Rabi, saurara. Irin wannan ramin sunansa PPTP, tsohon yayi ne, na sa shi ne don shi kaɗai tsohuwar na'urarku ke ɗauka. Makullinsa ba shi da ƙarfi, mai naci zai buɗe. Bari a gama cirar gyaɗa in canza muku." Ba a gama ba zazzaɓi ya kwantar da shi. Kwana huɗu ya yi.

A zaman makoki wani malami ya ce aikin da Habibu ya yi wa asibiti sadaka ce mai gudana, duk wanda ya amfana ladan zai iske Habibu a kabari. Mahaifiyarmu, Inna, ta riƙe wannan maganar da hannu biyu. Tun daga nan ba na shigowa gida in ajiye jaka sai ta tambaye ni, "Rabi, mutum nawa aka aika wa likita ta hanyar Habibu yau?" In na ce shida, ta ɗaga hannu ta ce Allah Ya kai ladan. Sai ta ji wannan take iya cin abinci.

Alamu sun yi ta zuwa. Sababbin wayoyi suka daina karɓar irin wannan hanyar, masu ƙera su ma sun cire ta. Aka ba mu sabuwar kwamfuta, na rufe ta da zane na ci gaba da lallaɓa tsohuwar. Ɗanlami, abokin sana'ar Yaya, sau biyu yana zuwa har gida yana roƙon a bar shi ya canza. Inna ta ce masa, "Ɗanlami, yaron nan ya tafi, abin da ke kai masa lada kuma shi za ku tone? Ku bari in mutu tukuna." Ɗanlami ya dube ni. Ni ce na ji gargaɗin Yaya da kunnena, amma na sunkuyar da kai. Na ce a raina, wa zai ɓata lokacinsa kan ciwon mutanen Jajaye? Ba jahilci ba ne ya hana ni magana, tsoron hawayen Inna ne.

Da daminar bana takardunmu suka fara yawo a wayoyin mutane, da suna da ciwo da komai. Har yau ba mu san wanda ya shiga ba. Ɗanlami ya ce ta ramin aka bi, kuma ba a sha wata wahala ba.

Cikin sunayen akwai na Talatu, mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, wadda da kaskonta take riƙe da 'ya'ya huɗu tun rasuwar mijinta. Ta yi tarin fuka, ta sha magani ba fashi, ta warke sarai. Amma takardar farko aka gani, ba ta ƙarshe ba. Cikin mako biyu aka daina tsayawa a ƙofarta. Ta zo asibiti, ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Malama Rabi, ke kaɗai na gaya wa fa." Yanzu tana garin Gwangwan wurin ɗan'uwanta, an raba yaran gida biyu.

Sai bayan haka na je Yammedi wurin wani dattijon malami na tambaye shi ko canza hanyar zai yanke ladan mamaci. Ya ce a'a, gyara ba ya yanke lada, wanda ya fara alheri nasa yana nan. Tambayar ba ta ci minti biyar ba. Shekara bakwai ban yi ta ba. Ɗanlami ya zo ya sa sabuwar hanya mai ƙarfi tsakanin azahar da la'asar.

Da Yaya zai leƙo yau, ba na jin zai yi mini faɗa, shi ba mai faɗa ba ne. Zai dai tambaye ni ko an gama cirar gyaɗar. Shi bai taɓa ɗaukar ramin nan a bakin komai ba, asirin marasa lafiya yake so ya rufu. Mu muka riƙe ramin muka saki asirin, muna cewa don shi muke yi.

Sabuwar hanyar tana aiki lafiya lau, sai dai ba mai bin ta. Mata sun daina zuwa awo, masu tari sun koma sayen ƙwaya a kasuwa. Sukan gaishe ni a hanya da ladabi su wuce. Ban ga laifinsu ba, kuma ban ga ranar da za su dawo ba.

Inna ba ta san komai ba, ta daina fita kuma ba wanda ya iya gaya mata. Jiya ma na shigo ta ce, "Rabi, mutum nawa yau?" Bencin asibiti babu kowa a kai na wuni ina kallo. Na ce mata shida. Ta ɗaga hannu ta ce Allah Ya kai ladan kabarin Habibu, na ce amin.