Tukwanen Shekara da Ƙofar Yamma

Ku da kuka shigo dogarci kwanan nan, ku saurara. Har yau ban manta da ranar da Alƙali ya aike ni unguwar Maguzawa ba, a garinmu mai ganuwa da ke tsakanin Batsari da Safana. Kaka ce, an gama yankan gero, kuma a shekarun nan ne mahara daga Maraɗi suke faɗo mana ba sallama. Kowa na aiki, kunnensa na kan gangar ƙofa.

Dokar giya ba ta da wuyar ganewa. Maguzawa suna biyan jiziya, an bar su su dafa burkutunsu su sha a gidajensu. Abin da aka hana shi ne kawo ta kasuwa da sayar wa Musulmi. Wanda aka kama a fasa masa tukwane, in ya sake a tashe shi daga ƙasar. Nawa aikin in je in gani da idona, in dawo in faɗa.

Unguwar tasu a bayan ganuwa take, wajen ƙofar yamma. Wadda aka kai ƙara sunanta Shekara, dattijuwa ce, mijinta Tunau gurgu, da sanda yake tafiya. Ban sha wahalar bincike ba. A gindin rumbu ga wani zaune ya ba ni baya, ƙoƙo a hannu, rawani ajiye a gefe. Da ya waiwayo sai na gane shi. Sarkin Ƙofa ne, mai buɗe ƙofar yamma da rufe ta. Ya tashi ya kaɗe riga, ya wuce ni kamar ya wuce turmi.

Na ce wa Shekara, "Inna, ba ki san doka ba?"

Ta ce, "Na san ta sarai, Dogari. Amma in ganga ta yi kuka, wa ka buɗe muna ƙofa, kai ko shi? Bara na hana shi sau guda. Ran da anka yi gudu mun daɗe muna bugun ƙyaure, shina cewa wai bai ji ba."

Na koma cikin gari. Na faɗa wa Alƙali komai, har da sunan mai shan.

Ya ce, "Ban da kai wa ya gan shi?"

"Sai ita, Allah gafarta Malam."

"Shaidar mutum ɗaya ba ta tsai da haddi. Ita kuwa ta amsa da bakinta."

Washegari aka fasa tukwanen Shekara. Ita kuwa ƙofar yamma kawai take kallo. Daga baya na ji Sarkin Ƙofa ya koma wurinta, ta ce ta daina, don tana tsoron kora. Tun daga nan hankalina bai kwanta ba. Ko tabarya na ji sai in zabura, in ɗauka ganga ce.

Wata ranar kasuwa da hantsi gangar ta yi kuka. Na bar kowa, na sheƙa da gudu zuwa ƙofar yamma. Na same ta a rufe, an gitta mata gungume. Daga waje mata na ihu, ana dukan ƙyaure.

Sarkin Ƙofa ya ce, "Umarni ne, in an hango dawaki a rufe."

Na ce, "Ai ba a hango su ba tukuna!"

Ya kau da kai. Ni da wasu mahauta muka ciccibi gungumen, mutane suka kwararo da goyo da awaki. Tunau ba ya ciki. Da ya ga ƙofa a rufe, kuma ba zai iya turereniya ba, sai ya juya ya nufi duwatsu da sandarsa. A hanya mahara suka riske shi. Sandar kaɗai muka tsinta.

Da na miƙa wa Shekara, ta karɓa da hannu biyu, ta dube ni, ta ce, "To, Dogari, na bi doka."

Ba ina ce muku ku ƙi aikinku ba. Giya haram ce, doka kuma doka ce. Amma na daɗe a aikin nan, kuma da wuya na ga mai sayarwar da ba ta san doka ba. Saboda haka in an aike ku, kafin ku ɗaga sanda a kan tukunya, ku fara tambayar wanda ke riƙe da ƙofarta.