Shaidar da Kafinta Ya Janye

Mijin yayata kafinta ne, kuma tun da na san shi ba wanda ke kiransa da wani suna sai Kafinta, har ita Yayar. Dogo ne siriri, da fensir a bayan kunne ko da a coci ne. Shekara talatin da wani abu ya yi a shago ɗaya, wata rumfar kwano a bakin titi, inda garin katako ke kai wa mutum idon sawu. Ni ce autar gidanmu, don haka ba na raga masa da tsokana. Nakan ce bencinsa ya fi halinsa laushi, shi kuma ya ce bakina ne ya hana ni ƙiba.

Mutum ne mai tsoron Allah, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Ba ya taɓa zarto sai ya cire hula ya yi addu'a. Amma yana da wani hali da ke ba ni haushi: a ganinsa, in mai bi ya buɗe baki ya ce yana cikin wahala, to ya kunyata Ubangiji ke nan a gaban jama'a.

Da kujerun roba suka cika kasuwa, aiki ya fara ja da baya. Masu aure suka daina zuwa, masu shaguna ma haka, sai ɗan gyaran ƙofa ko ƙafar tebur. A wannan lokacin ne ciwon suga ya kama Yaya, sannan wani ɗan miki ya fito mata a babban yatsan ƙafar hagu ya ƙi warkewa. Matan zumunta na cocinsu suka gane halin da ake ciki ba tare da an gaya musu ba. Sukan zo da rana in ya tafi shago, su ajiye hatsi a bayan ƙofa, su sayo magani, wata mai aikin jinya a cikinsu ta wanke mikin. Kafinta yana gani, yana kau da kai.

Sai wata rana mai wata sabuwar makaranta ya zo ya ce yana son bencuna da teburan azuzuwa shida. Baki da baki kawai suka yi, ko takarda babu. Ranar Lahadi, da fasto ya ba da lokacin shaida, Kafinta ya riga kowa miƙewa. Ya ce Allah ya buɗe masa ƙofar da ba mai iya rufewa, wahalar gidansa ta ƙare, masu taimakonsa su mai da hannu ga waɗanda suka fi shi bukata. Coci ta ɗauki tafi da guɗa. Ina zaune kusa da Yaya, na ga ta sunkuyar da kai tana kallon ƙafarta.

Matan zumunta kuwa suka ɗauke shi da maganarsa. Laifinsu ne? Akwai wata gwauruwa mai 'ya'ya biyar, can suka koma. Bayan mako uku mai makaranta ya wuce ta gaban shagon da mota cike da kujerun roba, ko gaisuwa bai tsaya yi ba.

Na ce wa Kafinta ya je ya gaya wa fasto aikin ya rushe. Ya ce sam. Wai shaida ba riga ba ce da za a sa a tuɓe. Ya tsaya gaban ikkilisiya ya ce Allah ya yi, in ya koma ya ce bai yi ba, ya mai da Allah maƙaryaci, kuma akwai sababbin tuba da suka ji shi. Ya hana Yaya faɗa, ya roƙe ni da girman Allah in yi shiru. Ni ma da bakin nan nawa na yi shiru, kuma har gobe ban yafe wa kaina ba. Ɗan abin da nake samu a ɗinki bai fi abincin bakina ba, amma da na yi magana da ba a kai inda aka kai ba.

Ya shiga azumi, ya shiga sayar da kayan aiki ɗaya bayan ɗaya. Injin goge katako ne ya fara tafiya, sai manyan zartuna, sai teburin aikin kansa. Kullum da safe yakan ɗauki fensirinsa ya tafi shago, ya zauna kan wani guntun katako har yamma, don kada maƙwabta su ce ba ya aiki. Yaya kuma ta koma raba ƙwayar magani biyu da wuƙa, daga baya ta koma sha kwana ɗaya ta tsallake ɗaya. Duk Lahadi ta naɗe ƙafar da tsumma, ta sa doguwar atamfa, mutane suna yi musu barka da buɗi.

Wari ne ya tona asirin. Na shiga ɗakin Yaya wata safiya na tarar an buɗe tagogi duka, ƙudaje sun yi baƙi a bakin gado. Na kwance tsumman da kaina, yatsan ya koma kamar gawayi, baƙin ya hau har kan ƙafa. Ban tsaya neman izinin kowa ba, na tare mota muka tafi asibiti. Likita ya duba, ya tambayi wa ke kula da ita, Kafinta ya ce shi ne. Likitan bai yi faɗa ba, ya dai ce da wata biyu da suka wuce ne, yatsa ɗaya za a cire, yanzu kuwa sai daga ƙasan gwiwa, kuma kada a wuce mako.

A barandar asibitin na zazzage masa duk abin da ke cikina. Na ce Allah bai ɗauke shi aikin rufa masa asiri ba, girman kansa yake karewa ya laƙaba wa Ubangiji. Na zaci zai musa kamar kullum, sai na ga ya zame ya zauna a ƙasa, hularsa a hannu. Ya daɗe a haka, ni ma tausayinsa ya kama ni, duk da ban nuna ba.

Ranar Lahadi, lokacin shaida, ya sake miƙewa. Wasu har sun fara murmushi.

"'Yan'uwa, na zo in janye shaidata," in ji shi. "Aikin nan bai zo ba. Wata huɗu ke nan ina yi muku ƙarya da fuskata. Na ɗauka in na ce ba ni da komai, Yesu zai ji kunya, ashe ni ne mai jin kunyar. Jibi za a yanke wa matata ƙafa, kuma ni na jawo. Ba ni da ko zarto. Ban daina dogara ga Allah ba, amma yau ban san abin da yake yi ba. Ku taimake mu."

Ba wanda ya tafa. Shugabar zumunta, tsohuwa ce mai sanda, ta taso a hankali ta zo gabansa, ta ce masa, "Ɗana, ai mu ne ƙofar da ka rufe." Ta kwance bakin zanenta a nan take, sauran suka biyo ta. Abin da aka tara ya biya aikin tiyatar, bai dawo da ƙafar ba.

Yanzu Kafinta yana aikin yini a shagon wani da ya taɓa koya wa sana'a. Wata rana a samu, wata rana babu, kuma in babu yakan faɗa. Addu'arsa ta gajarce, ba ya ƙara gaya wa Allah yadda zai yi.

Da aka sallami Yaya, ya aro zarto ya ce shi zai yi mata sandunan dogarawa. Ina riƙe da ita a tsaye a tsakar gida, shi yana durƙushe yana auna sandunan daga hammatarta zuwa ƙasa. Sau uku yana aunawa, mutumin da a da kallo ɗaya yake yi wa ƙofa ya faɗi tsawonta. Ya ce mata ta yafe masa, bai ɗago kai ba.

Yaya ta ɗora hannu a kansa.

"Na yafe, Kafinta," ta ce. "Ka rage tsawon kaɗan, ta hagun nan ta yi mini sama."